Tsutsar ciki a jikin 'yan kwikwiyo: inda take fitowa, yadda ake gane ta, da saɓanin da ke kan maganinta

A arewacin Kamaru da ƙasar Chadi, maganar lafiyar kare ta fi shiga kunnen jama'a ne ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yawan yi wa gangami a daidai ranar 28 ga Satumba, kuma a Injamena an yi manyan zagaye biyu a 2012 da 2013 inda aka yi wa sama da kashi 70 cikin ɗari na karnukan birnin allura. Ta biyu ita ce kurkunu, wanda aka fara gani a jikin karnukan bakin kogin Shari a 2012, har a 2019 aka ƙidaya karnuka sama da 1,900 da suka kamu a Chadi, daga baya kuma ya ɓulla a karnukan yankin Gere da ke lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, a gaɓar Logon daura da Bongor. Waɗannan labarai sun haifar da ruɗani a gidajen da ake riƙe kare domin gadi ko kiwo ko farauta. Wanda aka yi wa karyarsa allura yakan ɗauka cewa an gama da kowace cuta har ta 'ya'yanta, wanda kuma ya ga ɗan kwikwiyo ya amayar da farar tsutsa doguwa sai ya ce kurkunu ne ya iso unguwarsu. Abin da yake cin 'yan kwikwiyo a makonninsu na farko, a mafi yawan lokuta, tsutsar ciki ce, kuma tana da nata tarihin da nata maganin.

## Rabe abubuwan da ake cakuɗawa

Tsutsar ciki suna ne da ya tattara halittu da dama masu zama a hanjin kare, wasu suna cin abincin da ya ci, wasu suna shan jininsa. Uku ne suka fi shafar ɗan kwikwiyo. Akwai macijin ciki, wanda masana ke kira Toxocara canis, fari ne ko ruwan madara, kaurinsa ya yi kusa da na taliya, tsawonsa kuma yakan kai santimita 10 zuwa 18. Akwai mai ƙugiya, Ancylostoma caninum, wadda ba ta wuce santimita 1 zuwa 2 ba, siririya ce ƙwarai, tana da haƙora da take kafawa a bangon hanji, kuma da wuya a gan ta a cikin kashi. Sai tsila, mai faɗi, mai jiki gaɓa-gaɓa. Akwai ta huɗu mai siffar bulala da ke zama a babban hanji, amma tana ɗaukar kusan wata uku kafin ta girma ta fara ƙwai, don haka ba ita ce matsalar ɗan wata ɗaya ba. Ban da tsutsotsi, akwai wasu ƙananan halittu biyu da ido ba ya gani, kwaksidiya da jiyadiya, waɗanda suke kawo gudawa mai ruwa ko mai majina, musamman a lokacin yaye, kuma yawancin magungunan tsutsa ba sa taɓa kwaksidiya.

Kurkunu ba ya zama a hanji. Yana ɗaukar wata 10 zuwa 14 a cikin jiki kafin ya huda fata ya fito, galibi a ƙafa, saboda haka ba zai yiwu a gan shi a jikin ɗan kwikwiyo mai 'yan makonni ba, kuma ba ya fitowa ta amai ko ta kashi. Ba shi da magani na sha. Abin da ake buƙata shi ne a sanar da ma'aikatan lafiya, a ɗaure karen, a hana shi shiga ruwa. Haukan kare kuwa ƙwayar cuta ce da ke kama ƙwaƙwalwa, allurarta ana fara ta ne daga wata uku, kuma ba ta kashe tsutsa ko guda.

## Yadda ɗan kwikwiyo ke zuwa duniya da tsutsa

Tambayar da masu karnuka suka fi yi ita ce: ɗan kwikwiyon da bai buɗe ido ba, bai taɓa cin komai ba sai nonon uwa, a ina ya samo tsutsa? Amsar tana jikin uwar.

Idan babban kare ya haɗiye ƙwan macijin ciki daga ƙasa, 'ya'yan tsutsar da suka ƙyanƙyashe ba duka suke zama a hanji ba. Da yawansu suna huda bangon hanji su bi jini, su je su kwanta a tsoka da ƙoda da hanta, su yi shiru na tsawon watanni ko shekaru, ba sa girma, ba sa mutuwa. A wannan hali maganin tsutsa na yau da kullum ba ya iya kashe su, domin aikinsa a cikin hanji yake. Karya takan ɗauki ciki na kwana 63 ko kusa da haka, kuma a wajen kwana na 42 sai waɗannan 'ya'yan tsutsa su farka, su bi jini su ratsa mabiyiya su shiga hantar 'ya'yan da ke ciki. Bayan haihuwa sai su tashi daga hanta zuwa huhu, su hau maƙogwaro, ɗan kwikwiyon ya yi tari ya haɗiye su, su sauka hanji su girma. Kafin ya cika mako uku da haihuwa, ƙwansu ya fara fita a kashinsa, kuma macen tsutsa guda tana iya zubar da ƙwai har 200,000 a rana. Wannan ne dalilin da ya sa karya mai ƙiba, mai sheƙin gashi, wadda aka ba magani kafin ta ɗauki ciki, take iya haifar 'ya'ya duk masu tsutsa. Ba dukan 'ya'yan tsutsar ne ke farkawa a ciki ɗaya ba, don haka haihuwa ta biyu da ta uku ma ba su tsira ba.

Mai ƙugiya ta fi bin hanyar nono. 'Ya'yanta ma suna kwanciya a jikin uwa, sai su gangaro cikin nono a makonnin farko na shayarwa. Hanyarta ta biyu ita ce ƙasa mai danshi: ƙwan da ya fita a kashi yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma cikin kimanin mako guda 'ya'yan sun isa su huda fatar ƙafa ko ta ciki, ko a lashe su. Suna son yashi mai laima da inuwa da ɗumi, wato irin wurin da karya take zaɓa ta haihu: bayan randa, ƙarƙashin rumbu, gindin darbejiya kusa da makwarara. Shi ya sa 'ya'yan da aka haifa da damina, daga Yuni zuwa Satumba a Marwa da Kusiri, ko a tsawon damina mai nisa ta Ngaundere, suka fi fuskantar haɗarinta fiye da waɗanda aka haifa a zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke ƙona ƙasa.

Tsila tana zuwa daga baya. Nau'in da ya fi yawa yana shiga ne idan ɗan kwikwiyo ya ciji jikinsa saboda ƙaiƙayi ya haɗiye ƙuma mai ɗauke da ita. Sauran nau'o'in suna shiga ta ɗanyen kayan ciki na tumaki da awaki da shanu da raƙuma, bayan yaye.

## Alamomi, da waɗanda ba a jira da su

Macijin ciki ba ya ɓuya. Ɗan kwikwiyon yakan yi ƙaton tumbi alhali haƙarƙarinsa a waje, gashinsa ya bushe ya tashi tsaye, girmansa ya tsaya, ya riƙa kuka yana miƙa saboda ciwon ciki, gudawa tana zuwa tana tafiya. A kwanakin farko ana iya jin tari ko a ga majina a hanci, lokacin da 'ya'yan tsutsar ke ratsa huhu. Idan suka yi yawa sai a gan su a amai ko a kashi suna motsi, kuma suna iya dunƙulewa su toshe hanji baki ɗaya.

Mai ƙugiya ce ta fi kisa, kuma ita ce aka fi kasa ganewa. Kowace guda tana iya jawo asarar jini har kashi ɗaya cikin goma na mililita a rana, tana sauya wurin cizo, wurin da ta bari kuma yana ci gaba da zubar da jini. Ɗari biyu daga cikinsu suna iya zubar da mililita 20 a rana, alhali jinin da ke jikin ɗan kwikwiyo mai kilo ɗaya bai kai mililita 100 ba. Abin da aka saba gani shi ne 'ya'yan su yi kyau a makon farko, a mako na biyu su fara sanyi, su daina kokawar nono, su mutu ɗaya bayan ɗaya. A gidaje da yawa akan ce uwar ce ta danne su ko nononta ne ba shi da kyau. Gwajin da kowa zai iya yi a gida shi ne a ɗaga leɓen ɗan kwikwiyon a dubi dasashinsa da rana tsaka, sannan a ja fatar ido ta ƙasa a dubi cikinta. A mai lafiya wurin ja-ja ne mai haske, kuma idan aka danna dasashin da yatsa ya yi fari, launin yana dawowa kafin daƙiƙa biyu. A wanda mai ƙugiya ta shanye, dasashin fari ne fat, kashinsa kuma baƙi ƙirin ne mai danƙo, domin jinin ya narke a hanya kafin ya fito.

Tsila kuwa akan ga gaɓoɓinta masu kama da ƙwayar shinkafa a kan kashi ko manne a gashin ƙarƙashin wutsiya, wani lokaci ɗan kwikwiyon yana jan gindinsa a ƙasa. Ba ta cika kashe kare ba.

Akwai cutar da take kama da tsutsa amma ba ita ba ce, wato fabo, ƙwayar cutar da ta bazu a duniya tun 1978. Ta fi kama 'yan mako shida zuwa wata shida, tana zuwa da amai ba ƙaƙƙautawa, da gudawa mai jini mai tsananin wari, da ƙin abinci farat ɗaya. Maganin tsutsa ba ya yi mata komai, ƙarin ruwa ta jijiya da kulawar likita ne ke ceton wanda ya kamu, rigakafinta kuma allura ce dabam da ta haukan kare. Duk ɗan kwikwiyon da dasashinsa ya yi fari, ko ya daina shan nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko cikinsa ya yi tauri yana amai, ko aka ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba, ya wuce matsayin a saya masa magani a gida. Wanda jininsa ya ƙare, kashe tsutsar kaɗai ba ya dawo da shi. Yana buƙatar ɗumi da ruwa da maganin ƙarin jini, wani lokaci har da ƙarin jinin kansa.

## Jadawalin magani da dalilin maimaita shi

Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka haɗu a kanta ita ce a fara bayar da magani a mako na 2 da haihuwa, a maimaita a na 4 da na 6 da na 8, sannan sau ɗaya a wata har ɗan kwikwiyon ya cika wata shida. Ana ba uwar tare da su, domin tana lashe kashin 'ya'yanta tana sake kamuwa. Dalilin maimaitawa ya fito daga abin da aka bayyana a sama: maganin yana kashe tsutsar da ta riga ta sauka hanji ne, waɗanda ke hanya a hanta da huhu ko suke shigowa ta nono ba ya samunsu, sai bayan mako biyu su iso. Wanda ya bayar sau ɗaya ya ga tsutsa ta zubo ya tsaya, ya share zangon farko ne kawai.

Maganin da aka fi farawa da shi a mako na biyu shi ne firantel, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi pyrantel. Yana kashe macijin ciki da mai ƙugiya, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, shi ya sa yake da sauƙi ga jarirai. Awonsa miligiram 5 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, wato idan ruwan maganin yana da miligiram 50 a kowace mililita, ɗan kwikwiyo mai kilo ɗaya kashi ɗaya cikin goma na mililita zai sha. Na biyu shi ne fenbendazol, miligiram 50 ga kowane kilo, kwana uku a jere, kuma yana aiki a kan jiyadiya ma. Tsila tana buƙatar firazikwantel, mai rubutun praziquantel, wanda ba a saba ba wa ɗan ƙasa da mako huɗu ba, kuma dole a haɗa da kawar da ƙuma, in ba haka ba cikin mako uku ta dawo. Fiferazin, tsohon magani mai araha, macijin ciki kaɗai yake kamawa, ba a dogara da shi kan mai ƙugiya. Kwaksidiya tana da nata magani dabam da likita zai rubuta. Akwai kuma tsarin ba karya fenbendazol kowace rana daga kwana na 40 na ciki har bayan haihuwa domin rage abin da zai ratsa zuwa 'ya'yan, amma yana da tsada, kuma ba a yin sa sai da likita.

Duk waɗannan awo suna rataye ne a kan nauyi, kuma ƙiyasin ido yana yaudara. Ɗan mako biyu na karen gida sau da yawa bai kai kilo ɗaya ba. Ana iya sa shi cikin ƙwarya ko jaka a ɗora a ƙaramin sikeli a cire nauyin ƙwaryar, a sake awon kafin kowane zagaye domin nauyin yana ƙaruwa da sauri. Ana ja da sirinjin mililita ɗaya marar allura, a zuba a gefen baki a hankali don kada ya shaƙe. Fitowar tsutsa na kwana ɗaya ko biyu bayan magani abu ne da aka sani.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Saɓani na farko yana tsakanin masu cewa a auna kashi kafin a ba da magani da masu cewa a bi jadawali. Hujjar na farko ita ce awo a ƙarƙashin madubin likita yana nuna ainihin abin da ke ciki, yana raba tsutsa da kwaksidiya, yana kuma rage amfani da magani barkatai, wanda ke sa tsutsa ta saba da shi. A Amurka an riga an tabbatar tun 2019 da samuwar mai ƙugiya da ta bijire wa magunguna iri-iri a lokaci guda. Hujjar na biyu ita ce mai ƙugiya tana fara zubar da jini tun kimanin kwana takwas da shigarta, ƙwanta kuwa ba ya bayyana a kashi sai bayan kusan mako biyu, don haka awo yana iya cewa babu komai alhali ɗan kwikwiyon yana mutuwa. Game da jarirai, majalisar ƙwararru ta Turai, ESCCAP, da takwararta mai kula da ƙasashe masu zafi, TroCCAP, duk sun tsaya a kan jadawali ba tare da jiran awo ba. Bambancinsu ya fi fitowa a kan manyan karnuka, inda ta Turai ke auna yawan magani da irin rayuwar karen, ta ƙasashe masu zafi kuma ta karkata ga kowane wata. Awo yana da amfani sosai idan an ba da magani gudawa ba ta tsaya ba.

Saɓani na biyu ya fi kusa da rayuwar yankin, kuma shi ne batun maganin shanu. Harkar likitancin dabbobi a nan an gina ta ne a kan garke: ɗakin gwaji na ƙasa, LANAVET, da ke Bokle kusa da Garwa, da cibiyar binciken kiwo ta Farsha a Injamena, babban aikinsu cututtukan shanu da tumaki da awaki da kaji ne, kuma abin da ya cika teburan masu magani a ranar kasuwa ke nan. Abin da ake ji a gaban irin wannan tebur ba ya wuce haka: saurayi ya ce, "Baba, akwai na tsutsar kare?", mai tebur ya miƙo babbar ƙwayar albendazol ya ce, "Wannan ma yana yi, ɗana, ka ɓanɓari kaɗan ka sa masa a nono." Ƙwayar mai miligiram 2,500 an yi ta ne domin sa mai kilo 250 zuwa sama da 300, babu yadda farce zai fitar da awon ɗan kwikwiyo daga jikinta, kuma albendazol yana iya lalata ɓargon da ke haɗa jini a jikin kare, yana kuma iya nakasa 'ya'ya a cikin karya mai ciki. Allurar ibamektin, wadda ake yi wa shanu da tumaki, ta fi haɗari. Mililita ɗaya awon dabba mai kilo 50 ne, don haka rabin mililita da wani zai ga kamar bai kai komai ba ya ninka awon ɗan kwikwiyo mai kilo ɗaya sau 25. Abin da ke biyo baya shi ne dalalar miyau, tangaɗi, makanta da suma, kuma babu takamaiman makari. Ba a ba ɗan ƙasa da mako shida ita, ba ta kuma kashe tsila. Lebamizol ma, wani maganin tsutsar garke, tazarar da ke tsakanin awon warkarwa da na guba a jikin kare ƙarama ce.

Makiyayan da ke nesa da gari suna da tasu hujjar, kuma ba ta wofi ba ce: abin da ke hannunsu ke nan, ofishin kiwo yana da nisa, maganin da aka yi musamman domin kare yana da tsada kuma sai a manyan garuruwa, sannan sun ga manyan karnukansu sun sha sun tashi lafiya. Likitoci da kansu suna amfani da wasu magungunan garke a kan kare bayan lissafi. Ruwan fenbendazol mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, misali, rabin mililita ga kowane kilo shi ne awonsa. Rashin lissafin da zaɓen sinadarin da bai dace ba ne ke kashe jarirai. Ana iya sayen kwalba guda a raba tsakanin gidaje ko rugage, malamin dabbobi na gunduma ya rubuta awon sau ɗaya. Akwai kuma matsalar jabu da maganin da ya wuce wa'adi ko ya daɗe a rana, wanda ke sa a ɗauka an yi magani alhali ba a yi ba.

Saɓani na uku kan maganin gargajiya ne: sassaƙen maɗaci, ganyen darbejiya, 'ya'yan gwanda, kanwa, tafarnuwa, garin taba. Masu amfani da su suna cewa suna ganin tsutsa tana fita, kuma an gwada wasu tsirrai, maɗaci na ciki, an ga suna da wani tasiri a kan tsutsar tumaki. Sai dai babu sanannen awo na ɗan kwikwiyo, kuma duk abin da ya tsinka ciki yana iya koro macijin ciki kaɗan ya bar mai ƙugiya a kafe. Tafarnuwa da albasa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, wato suna ƙara wa mai ƙarancin jini ciwo a kan ciwo. Taba guba ce, haka kananzir da baƙin mai da wasu ke shafawa domin ƙuma, da maganin wankan shanu na kaska.

## Tsakar gida

Ƙwan macijin ciki ba ya iya kama kowa a ranar da ya fita, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa ya nuna, daga nan kuma yana iya rayuwa shekara ko fiye a inuwa mai laima. Ruwan jabel, wato sinadarin bilic na wanki, ba ya kashe shi, ruwan zafi mai tafasa da hasken rana kai tsaye ne ke yi masa illa. Don haka kwashe kashi kowace rana a zuba a shadda ko a binne da zurfi ya fi kowane wanki amfani. Ana sauya shimfiɗar karya mai jego, a shanya ta, a kwashe saman yashin da ta kwanta a kai a zuba busasshe, a kuma guji barin ta ta haihu wuri ɗaya kowace shekara.

## Abin da ya shafi yara da makiyaya da mahauta

A gidajen Musulmi da yawa ana riƙe kare ne bisa halaccin da malaman Malikiyya suka bayar na farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma manya ba su cika taɓa shi ba. Sakamakon haka abu biyu ne: babu mai ɗaga leɓen ɗan kwikwiyo ya ga dasashi, kuma yara ne ke ɗaukarsa suna wasa a inda yake kashi. Yaron da ya kai ƙasa baki, musamman ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, yana iya haɗiye ƙwan macijin ciki. Tsutsar ba ta girma a hanjin mutum, amma 'ya'yanta suna yawo a hanta da huhu, su kawo zazzaɓi da tari da kumburin hanta, wani lokaci guda ta shiga ido ta lalata ganinsa. 'Ya'yan mai ƙugiya kuma suna shiga fatar wanda ya zauna ko ya taka jiƙaƙƙen yashi, a tsakar gida ko a cikin mayo, wato kwarin rafi, bayan ruwa ya janye, sai a ga jan layi mai lanƙwasa mai tsananin ƙaiƙayi yana matsawa kullum a ƙafa ko a ɗuwawu. Duka biyun suna da magani a asibiti, kuma yana da amfani a gaya wa likita cewa akwai 'yan kwikwiyo a gidan.

Ga makiyayi da mahauci, tsila ce asara. Ƙunshin ruwan da ake gani a hanta ko huhun dabba idan an yanka, ko a ƙwaƙwalwar tunkiyar da take juyawa wuri ɗaya har ta faɗi, 'ya'yan tsilar kare ne. Idan aka yanke wurin aka jefa wa kare, kamar yadda ake yi a bayan mayanka da ranar layya, tsilar tana girma a hanjinsa, ƙwanta ya zuba a makiyaya, dabbobi su ci da ciyawa. Nau'i mafi haɗari, Echinococcus granulosus, tsawonsa bai wuce milimita 7 ba, ba ya sa kare ciwo, ƙwansa kuma yana kama mutum nan take ba tare da jiran nuna a ƙasa ba. Mutum ba ya kamuwa ta cin naman. Yana kamuwa ne ta hannu ko abinci ko ruwan da kashin kare ya taɓa, sai ƙunshin ruwan ya yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Saboda haka ɗan kwikwiyon da aka yaye a gidan mahauci ko a ruga ana dafa masa duk wani kayan ciki kafin a ba shi, ɓangaren da ke da ƙunshin ruwa da kan tunkiya mai juyawa ana ƙone su ko a binne inda kare ba zai tono ba, firazikwantel kuma yana shiga jadawalinsa a kai a kai, kowane mako huɗu zuwa shida idan yana yawo a inda ake yanka.